Ruwan 2050 a Dogo-Dogo: wa ya haifi taswirar?

Ranar 3 ga Satumba 2024, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin laka na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya. A wannan damana ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a faɗin Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi bisa alƙaluman gwamnati, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda azuzuwa da yawa sun zama masaukin waɗanda gidajensu suka zube. Shekara 40 cif kafin nan, a 1984, ƙasar nan ce dai ta ga yunwar da aka laƙaba wa suna El Buhari, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. Duk dattijon da ya haura sittin a Dogo-Dogo, ƙaramar hukumar da ke gundumar Dungas a bakin iyaka da Jigawa, ya ga shekarun nan biyu da idonsa. Abin da yake so ya sani shi ne wacce daga cikinsu za ta zama ruwan dare a zamanin jikokinsa.

Amsar tana zuwa, amma a takarda. Tana cikin kundin ayyukan da masu ba da tallafi ke kawowa, da tsarin raya ƙananan hukumomi, da tsare-tsaren ƙasa na jure canjin yanayi da hukumar CNEDD ke kula da su. Galibi taswira ce mai launi: shuɗi inda ruwa zai ƙaru nan da 2050, ja ko ruwan ƙasa inda zai ragu, an yanka ta ƙanana-ƙanana har mutum ya iya ɗora yatsa ya ce ga gundumarsa. A kan irin wannan taswira ake yanke shawarar irin da za a raba wa manoma, da girman kwalbatin da za a saka a hanya, da inda za a haƙa tabki. Kuɗi ne masu yawa, kuma gini ne da ake so ya kai shekara 30 ko 40.

Abin da ba a cika faɗa a wajen taro ba shi ne, da wanda ya buga taswirar ya zaɓi wata manhaja daban tun daga tushe, wurin da yatsan ya sauka zai iya fitowa ja maimakon shuɗi.

Uwa da ɗiya

Manhajar kwaikwayon yanayi, abin da ƴan boko ke kira «modèle climatique», lissafi ne da ake ɗora wa manyan kwamfutoci. Ana yanka sararin sama da teku gida-gida kamar filin dara. A kowane gida kwamfuta tana lissafa zafi da laima da gudun iska da nauyinta, ta miƙa wa gidan maƙwabci, ta matsa gaba da ƴan mintoci, ta sake lissafi, haka har a cika shekara 100. Manhajar da ta ɗauki duniya baki ɗaya ita ce babba, a kira ta uwa. Da yake aikin yana da nauyi, gidajenta manya ne: a zubin da aka fi amfani da shi wajen taswirorin Afirka, faɗin gida guda ya kan kai kilomita 100 zuwa 250. Gida ɗaya ke nan zai iya haɗiye Dogo-Dogo da Dungas da Magarya, ya tsallaka iyaka ya haɗa da Maigatari da Gumel, ya ba su adadin ruwa guda kamar gona ɗaya ce.

Manomi ya san ba haka sama take yi ba. Masana ma sun auna. A farkon shekarun 1990 aikin EPSAT-Niger ya kafa ma'aunan ruwa kusan 100 a kewayen Yamai, kuma a damanar 1992 an samu bambancin fiye da milimita 200 tsakanin wurare biyu da nisansu bai kai kilomita 10 ba. A yankin da ruwan shekara ke tsakanin milimita 500 da 600, kamar ƙasar Magarya, wannan tazara ita ce tsakanin cika rumbu da tafiya cin rani tun kafin kaka ta ƙare.

Don haka aka ƙirƙiro ƙaramar manhaja, ta yanki, wadda za a kira ɗiya. Ita ba ta ɗaukar duniya. Tana yanke Afirka kawai, ta raba ta gidaje masu faɗin kilomita 50, a sabon zubi 25. Shirin CORDEX, wanda aka ƙaddamar a 2009 ƙarƙashin tsarin binciken yanayi na duniya, shi ya haɗa cibiyoyin da ke wannan aiki, kuma Afirka ya sa a gaba tun farko. Akwai RCA4 ta hukumar yanayin Suwidin, da RegCM ta cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya, da REMO da CCLM na Jamus. Mafi yawan taswirori masu ƙananan gidaje da ke yawo a ofisoshin Yamai da Damagaram daga wannan rumbu aka ɗebo su, kai tsaye ko ta hannun wani.

To amma iska ba ta tsayawa a bakin taswira. Ɗiyar tana buƙatar a gaya mata abin da ke shigowa ta gabas da yamma da kudu da arewa, kuma uwa ce ke gaya mata. Kowane awa shida na lissafi, uwa tana miƙa mata iska da zafi da laimar da ke gefunan filinta. Zafin saman teku ma, a yawancin gwaje-gwajen Afirka, daga uwa ake ɗauko shi a shimfiɗa wa ɗiya yadda yake. Saƙon hanya ɗaya yake bi: ɗiya tana karɓa, ba ta mayarwa, ba ta da bakin cewa uwa ta yi kuskure. Mai awo a kasuwa yana iya auna tiya da rabin tiya daidai wa daida, amma hatsin daga buhun da aka sauke masa ne. In buhun da tsakuwa, tiyar ma da tsakuwa.

Ruwan Dogo-Dogo daga teku yake

Wani zai ce mene ne haɗin gonar jigawa a Dungas da zafin teku, alhali bakin ruwa mafi kusa yana can wajen Legas. Tarihin binciken farin Sahel ya amsa wannan, kuma amsar ta wanke mutanen karkara daga wani zargi da aka daɗe ana yi musu.

A 1975, bayan farin 1973, masanin Amurka Jule Charney ya kawo ra'ayin cewa ƙarewar ciyawa da itatuwa na sa ƙasa ta yi haske, ta mayar da hasken rana sama, hadari ya kasa haɗuwa. Ra'ayin ya samu karɓuwa, har ya zama kamar hukunci: makiyayi da manomi su suka kori ruwa. A 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a hukumar yanayin Ingila suka nuna cewa shekarun fari na tafiya tare da wani sauyi a zafin tekunan duniya, inda na kudu suka fi na arewa ɗumama. A 2003 Alessandra Giannini da abokanta suka ba wata manhaja zafin teku na gaskiya daga 1930 zuwa 2000, ba tare da sun gaya mata an sare ko itace ɗaya ba, sai ga ta ta fito da damuna masu albarka na shekarun 1950 da farin 1970 da 1980. Ƙasa da tsirrai suna ƙara wa abin ƙarfi, amma teku ne ke riƙe da linzami. A daidai shekarun da ake ɗora wa manoma laifi a tarukan ƙasa da ƙasa, manoman Magarya da Matamai da Mirya suna can suna rainon gawo a gonakinsu.

Yadda abin ke aiki ba boyayye ba ne. Da bazara Sahara tana yin zafi, iska mai laima ta taso daga tekun Gini ta nufo arewa. A watannin Mayu da Yuni ruwan tekun da ke kudu da gaɓa yana yin sanyi, kuma wannan bambanci tsakanin teku mai sanyi da ƙasa mai zafi yana taimakawa wajen tura damana ciki. Wajen ƙarshen Yuni babban layin ruwan yakan yi tsalle daga bakin teku zuwa kusan digiri 10 arewa, daga nan ne ruwan shuka ke zaunawa a wurare irin Dogo-Dogo da ke kusa da digiri 13.

A nan ne manyan manhajoji da yawa ke tuntuɓe, kuma tsohuwar matsala ce da masu ƙera su suka sani. Suna barin gabashin tekun Atlantika da zafin da ya wuce na gaskiya a daidai lokacin da ya kamata ya huce. Teku ya yi zafi, ruwa ya maƙale a kudu, Sahel ta samu ƙasa da rabonta ko damana ta makara. Ɗiyar da aka shimfiɗa wa wannan teku za ta zana tudu da kwari da kyau, za ta nuna tsaunukan Ayar da tudun Jos da tafkin Cadi fiye da uwarta, amma tekun da ke aiko mata da laima gurɓatacce ne tun daga gida.

Uwaye ba su da baki ɗaya

Da a ce kuskuren iri ɗaya ne a ko'ina, da an cire shi da lissafi an huta. Matsalar ita ce uwayen sun saɓa a kan gaba. A 2005 Isaac Held da abokan aikinsa na cibiyar GFDL da ke Princeton suka wallafa sakamakon manhajarsu, wadda ta kwaikwayi farin ƙarni na 20 da kyau, kuma ta ce Sahel za ta bushe ƙwarai a ƙarni na 21. A 2006 Kerry Cook da Edward Vizy suka tace manhajoji 18, suka ware uku da suka fi iya damanar Afirka ta Yamma. Ɗaya, ta GFDL ɗin, ta ce fari mai tsanani. Ta biyu, MIROC ta Japan, ta ce ruwa zai ƙaru sosai. Ta uku ta ce sauyin kaɗan ne, sai dai shekarun fari za su yawaita. Uku mafi ƙwarewa, amsa uku.

An samu ci gaba tun daga lokacin. A zubi biyu na baya-bayan nan, waɗanda rahotannin ƙungiyar masana ta GIEC na 2013 da 2021 suka dogara da su, rinjayen manhajoji ya karkata ga hoto guda: yammacin Sahel, wajen Senegal da yammacin Mali, zai rasa ruwa, tsakiya da gabas, wato Nijar da Cadi da arewacin Najeriya, za su samu ƙari, musamman a ƙarshen damana. Dogo-Dogo tana ɓangaren ƙarin. Wannan labari ne mai nauyi, kuma damunan 2020 da 2022 da 2024 ba su ƙaryata shi ba. Sai dai rinjaye a nan ba ƙuri'ar mutane masu zaman kansu ba ce. Manhajoji da yawa dangin juna ne, suna aron sassan lissafi daga juna, don haka goma da suka yarda ba shaidu goma ba ne. Girman ƙarin kuwa ya tashi daga ɗan kaɗan a wasu zuwa mai yawan gaske a wasu.

Yanzu a duba abin da wannan ke nufi ga taswirar da ke kan tebur. Gudanar da ƙaramar manhaja na cin kuɗi da lokacin kwamfuta, shi ya sa ba kowace uwa ake yi wa ɗiya ba. Suwidin ta gwada RCA4 da uwaye goma, wanda shi ne mafi faɗi a Afirka. A zubin kilomita 25 kuwa uwaye uku kawai aka zaɓa: HadGEM2 ta Ingila mai saurin ɗumama, MPI ta Jamus mai matsakaici, da NorESM ta Norwe mai jinkiri. An zaɓe su ne don su wakilci yawan zafin da duniya za ta yi, ba don su wakilci iyakar saɓanin da ke kan ruwan Sahel ba. Mai rubuta kundin aiki da ke gaggawar cika wa'adi yakan ɗauki abin da ya fi saukin saukewa daga intanet, wani lokaci uwa ɗaya da ɗiya ɗaya, ya buga. Taswirar ta fi kyan gani, gidajenta sun fi ƙanƙanta, amma ra'ayoyin da ke cikinta sun fi na manyan manhajoji 30 ko 40 ƙaranci.

Ɗiya ma tana da halinta, kuma adalci ne a faɗa. A 2012 Grigory Nikulin da abokansa suka gwada ƙananan manhajoji goma a kan Afirka, duk aka ba su gefuna iri ɗaya da aka gina daga awon gaskiya na shekarun baya. Sun kama tafiyar damana gaba ɗaya, amma sun bambanta ƙwarai a yawan ruwa, kuma yawancinsu suna zubar da shi da wuri, wajen tsakar rana. Kowa a Damagaram ya san hadarin kirki daga gabas yake tasowa, da la'asar ko cikin dare, da guguwa a gabansa. Irin waɗannan manyan hadura masu tafiya daga gabas zuwa yamma su ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan Sahel. Gida mai faɗin kilomita 50 bai iya ganin yadda gajimare ke tashi a cikinsa, sai a ba manhaja ƙa'idar kintace: in zafi da laima sun kai kaza, a zubar da ruwa kaza. Kowace cibiya da irin ƙa'idarta. Binciken Alessandro Dosio da abokansa a 2019 da 2020 ya nuna ƙananan manhajojin CORDEX sun rabu gida biyu a kan makomar ruwan Afirka ta Yamma, kuma akwai inda ɗiya ke juya maganar uwarta, uwa ta ce ƙari, ɗiya ta ce ragi.

Rabon aikin ke nan a taƙaice. Yawan zafin da za a yi, da halin teku, da laimar da za ta iso bakin nahiya, na uwa ne, ɗiya ba ta da ta cewa sosai. Yadda laimar za ta zama ruwa a kan jigawar Dungas, a nan ɗiya ke sa hannu, wani lokaci ta gyara, wani lokaci ta ƙara ɓatawa. Taswirar da ba ta faɗi sunan uwa da na ɗiya ba, da kuma hasashen hayaƙin da aka ɗora su a kai, kamar dabba ce a kasuwar Maigatari ranar Alhamis da babu dillalin da zai tsaya mata.

Gwaji mafi kusa da gaskiyar hadari shi ne CP4-Africa na hukumar yanayin Ingila, mai gidaje na kilomita 4 da rabi, inda aka cire ƙa'idar kintacen aka bar gajimare ya tashi da kansa. Hadarinta ya fi kama da na gaske, a lokacinsa da tafiyarsa da ƙarfinsa. Sakamakon da Elizabeth Kendon da abokanta suka fitar a 2019 ya nuna ruwa mai ƙarfi zai ƙaru fiye da yadda manhajoji masu manyan gidaje ke faɗa, kuma tsayawar ruwa a tsakiyar damana za ta ƙara tsawo a sassan yammaci da tsakiyar Afirka. Amma saboda tsada, shekara goma ta yanzu da shekara goma ta ƙarshen ƙarni kawai aka lissafa, a ƙarƙashin hasashen hayaƙi mafi muni, kuma da uwa ɗaya tak.

Abin da za a iya ginawa a kai

Wannan saɓani ba hujjar naɗe hannu ba ne, don akwai abubuwan da uwaye da ɗiyan duka suka haɗu a kai. Zafi zai ƙaru, babu manhajar da ta ce akasin haka. Ruwa kuma, ko jimillarsa ta ƙaru ko ta ragu, zai riƙa zuwa da ƙarfi a lokaci guda. Wannan na biyun ma ba sai an jira kwamfuta ba: a 2017 Christopher Taylor da abokansa suka duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, suka ga haduran Sahel mafi tsanani sun ninka sau uku tun 1982, abin da suka danganta da ƙarin zafin Sahara.

Ga injiniya, wannan ya isa. Ƙa'idojin da ake auna girman kwalbati da ƙananan gadoji da su a ƙasashen yankin masu amfani da Faransanci, da yawansu sun samo asali ne daga awon da cibiyoyin ORSTOM da CIEH suka yi tsakanin shekarun 1960 da 1990. Kwalbati ba ruwan shekara yake ɗauka ba, ruwan awa biyu yake ɗauka. Taswirar da ta ce jimillar ruwa za ta ragu da kashi kaza tana iya sa a rage girmansa, alhali ruwan awa biyun ƙaruwa yake yi. Haka zancen yake ga tushen gidan laka, da wurin da za a ba mutane fili kusa da kwari.

Batun iri ya fi wuya, kuma a nan ne zaɓen uwa ke iya shiga rumbun talaka kai tsaye. Shekara da shekaru ana tallata gero mai saurin nuna, irin su HKP na cibiyar INRAN, da Chakti da aka fitar a 2018 wanda ke nuna cikin kusan kwana 65. Suna da amfani, sun ceci gidaje a shekarun da ruwa ya ɗauke da wuri. Amma in hoton da rinjayen manhajoji ke nunawa ya tabbata, wato ƙarin ruwa a Satumba, geron da ya nuna tun ana marka zai gamu da ruɓa da tsuntsu. Binciken Benjamin Sultan da abokansa na 2013, wanda ya yi amfani da manhajar amfanin gona ta SARRA-H a tashoshi 35 na Afirka ta Yamma, ya sami abu biyu. In ɗumama ta wuce digiri 2, ƙarin ruwa ba ya rama asarar gero da dawa. Sannan irin gargajiya masu bin tsawon rana, dangin maiwa, sun fi na zamani jure zafin, don zafi ba ya gaggauta nunarsu kamar yadda yake yi wa sauran. Aikin da ya karanta taswirar fari guda ɗaya ya ture maiwa gefe ya yi caca da abincin mutane. Manomin da ke shuka iri biyu ko uku, da wake a tsakani, ya riga masu kundin fahimtar abin da ake nufi da rashin tabbas.

Gawo kuwa bai damu da wacce uwa ta yi gaskiya ba. Binciken Mahamane Larwanou da Mahamadou Abdoulaye da Chris Reij na 2006 ya ƙiyasta kusan eka miliyan ɗaya ta ma'aunin hekta da manoma suka farfaɗo da itatuwa a kai a gundumomin Magarya da Matamai da Mirya, a lokacin Dungas tana cikin Magarya, kafin a ba ta gundumarta a 2011. Itacen yana rage zafin ƙasa, yana karya iskar da ke binne shuka, yana taimaka wa ruwa ya nutse maimakon ya kwashe gona. Abin lura shi ne yawancin ƙananan manhajojin suna ɗaukar tsirran ƙasa a matsayin abin da ba ya canzawa daga farkon lissafi zuwa ƙarshensa. Sassaben zamani, babban sauyin da mutanen wannan yanki suka yi wa ƙasarsu da hannunsu, ba ya cikin lissafin.

Kada a haɗa wannan duka da hasashen damana da ake ji a rediyo kowace shekara. Wancan, wanda cibiyar AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai da hukumomin yanayi na ƙasashe ke fitarwa a taron PRESASS wajen ƙarshen Afrilu, na watanni ne masu zuwa, kuma yana farawa daga zafin tekun da aka auna a zahiri. Na 2024 ya ce za a yi ruwa fiye da yadda aka saba, da haɗarin ambaliya, haka kuwa aka yi. Shi ma yana jingina da manyan manhajojin Turai da Amurka, amma ana iya kama shi da laifi cikin wata biyar. Taswirar 2050 babu mai kama ta sai bayan wanda ya buga ta ya yi ritaya.

Ma'auni a bakin gona

Tun bayan Yulin 2023 kalmar diyauci ba ta sauka daga bakin mahukunta ba, a kan ma'adinai da tsaro da kuɗi. A fagen yanayi gaskiyar ita ce babu ko ɗaya daga cikin manyan manhajojin da GIEC ke dogara da su da aka ƙera a Afirka ta Yamma, kuma ba abu ne da za a yi a shekara biyar ba. Masana ƴan yankin, a jami'ar Abdou Moumouni da AGRHYMET da shirin WASCAL, suna gudanar da ƙananan manhajoji suna kuma tace sakamakonsu, amma uwayen daga waje suke zuwa. Yanke hulɗa da masu su ba zai sa a samu na gida ba.

Abin da ke hannun Nijar shi ne alƙalanci. Ba a sanin uwar da ta iya damanar Sahel sai an gwada ta da abin da ya sauka a ƙasa. Gyaran da ake yi wa sakamakon ɗiya kafin a ba masu aikin gona, da awon ƙasa ake yin sa. Ƙiyasin ruwa na tauraron ɗan'adam ma da ma'aunan ƙasa ake daidaita shi. Hukumar yanayi ta duniya, OMM, ta daɗe tana cewa yawan tashoshin awo a Afirka kusan kashi ɗaya cikin takwas ne na abin da ya kamata. Tashar Magarya da ta Damagaram suna da dogon tarihi, amma darasin 1992 a Yamai ya nuna tasha ɗaya ba ta magana da yawun ƙauyen da ke nisan kilomita 10, balle 50. Ma'aunin roba da ake kafawa a bakin gona ba shi da tsada. Abin da ke da wuya shi ne a samu mai karanta shi kowace safiya shekara 20 ba fashi, a biya shi, littafin kuma ya isa hukumar yanayi ta ƙasa maimakon ya ƙare a akwatin wani aiki da wa'adinsa ya cika. Ga ƙaramar hukumar kan iyaka akwai ƙari: wani ɓangare na gidan da manhaja ta saka Dogo-Dogo a ciki yana iya faɗawa Jigawa, awonsa yana hannun hukumar NiMet ta Najeriya, kuma hadari ba ya tsayawa a shingen duwan.

Tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ne ke sa hannu a kan tsare-tsaren gari. Kantoman da aka shimfiɗa wa taswirar 2050 ba ya buƙatar digiri a kimiyyar sama kafin ya tambayi uwaye nawa aka yi amfani da su, nawa suka ce ƙari, nawa suka ce ragi, kuma aikin da ake so ya amince da shi zai tsaya ko da ƴan tsirarun ne suka yi gaskiya. Mai kundin da ya san aikinsa yana da amsar a shafi ɗaya.

GIEC ta tsayar da ƙarshen 2029 don kammala rahotonta na bakwai, kuma cibiyoyin duniya suna shirya sabon zubin manyan manhajoji dominsa. Daga cikinsu za a sake zaɓen ƴan kaɗan da za a yi wa ɗiya a kan Afirka, taswirorin da za su cika kundayen shekarun 2030 kuma daga su za su fito. Awon da za a gwada su da shi a kan gundumar Dungas shi ne wanda ake rubutawa, ko ake barin rubutawa, a damanar bana.